Ƙarshen Shekarar Karatu a Alƙalamin Ɗalibi: Tarken Waƙoƙin Ban-Kwana da Gajerun Labarai

1.0 Gabatarwa

Duk shekara, idan karatu ya zo gangara, rubuce-rubucen da ɗalibai kan miƙo wa wannan mujalla sukan karkata ga batu guda, wato rabuwa. Masu waƙa su tsara ta ban-kwana, masu zube su ƙaga labarin masoyan da jarrabawar ƙarshe ta raba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin Bahaushe ya ce sabo ake yi wa kuka. Abin da ya kamata manazarci ya tambaya shi ne, shin waɗannan rubuce-rubuce suna nuna rayuwar ɗalibi kamar yadda take a irin wannan lokaci?

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi waɗannan nau'o'i biyu ta fuskar jigo da salo, ta kuma auna su da rayuwar da ɗalibi ke yi a Lafiya. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa mafi yawan marubutanmu matasa suna rubuta abin da suka karanta a littattafan wasu, suna barin abin da suka gani da idonsu, alhali kuwa ƙarshen shekarar karatu shi ne lokacin da labarin ɗalibi ke nuna, ya isa tsinka. Ba za a ambaci sunan kowa ba, domin cutar ta gama gari ce.

2.0 Matsayin Makaranta a Rubutaccen Adabin Hausa

Kafin a ɗora wa ɗalibi laifi, ya dace a dubi gadon da ya tarar. Neman ilmi tsohon jigo ne a adabin Hausa. A cikin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, shi kuma ya warware musu labarin rayuwarsa. Ke nan zauren karatu ne ƙofar shiga labarin, amma da zarar malam ya fara magana sai almajiran su koma 'yan sauraro, ba a sake jin halin da suke ciki. A ɓangaren waƙa kuwa, sha'irai irin su Mu'azu Haɗeja sun yi kira ga neman ilmin zamani, sai dai murya ce ta mai gargaɗi da ke tsaye a bakin ƙofar makaranta yana cewa a shiga. Muryar wanda ke zaune a cikin aji ba ta fito ba.

Da aka shiga zamanin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, makaranta ta ƙara samun gurbi. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila? na 1990, misali ne mai kyau. An cire Abu daga makaranta, ɗan'uwan da aka yi mata alkawarin aure da shi ya guje ta bayan ya yi nisa a boko, aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ilmi ne ƙashin bayan wannan labari, kuma marubuciyar ta yi amfani da shi da ƙarfin hali. Duk da haka, abin da ya dame ta shi ne abin da ilmi ke yi wa mace a gida da cikin dangi, don haka ba ta tsaya kan rayuwar cikin makarantar ba. Waɗanda suka biyo baya, har zuwa masu rubutu a intanet a yau, sun mayar da jami'a wurin haɗuwar saurayi da budurwa, ko kuma wata ado da ake rataya wa tauraro don a ɗaga darajarsa.

Idan aka waiwayi adabin Nijeriya na Ingilishi za a ga bambanci. Tun a 1965 Chukwuemeka Ike ya fitar da Toads for Supper, wanda ya gina a kan rayuwar ɗalibin jami'a, sa'an nan a 1980 ya fitar da Expo '77 a kan satar jarrabawa. Mu kuwa, an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962, dubban Hausawa sun shiga sun fita, amma har yanzu da wuya manazarci ya nuna ƙagaggen labarin Hausa da ya yi fice wanda jami'a ce ainihin batunsa. Wannan giɓi ne, kuma mujalla irin wannan ita ce wurin da ya fi cancanta a fara cike shi.

3.0 Waƙoƙin Ban-Kwana

3.1 Jigo da Warwararsa

Idan aka ɗora waɗannan waƙoƙi bisa gadon feɗe waƙa irin wanda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa, za a ga kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi. Ana buɗewa da yabon Ubangiji da salati ga Manzo, a gode wa iyaye, a jero sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya, a jero na abokai, a nemi gafara, a rufe da sunan mawaƙi da garinsu. Babu laifi ga mabuɗi da marufi na addu'a, domin gado ne tun daga malaman jihadi. Matsalar tana tsakiya. A wurin da ya kamata a warware jigo, sai a tarar da jerin sunaye kamar takardar halartar lacca. Mai karatu zai gama waƙa mai baiti talatin bai san ko wace irin shekara aka yi ba, ta daɗi ce ko ta wuya, ko me ya sa rabuwar ta yi zafi.

Akwai kuma batun yabon malamai, wanda ya kamata mu malamai mu fara faɗin gaskiya a kansa. Ɗalibin da ya tsara wa malami yabo a daidai lokacin da takardar jarrabawarsa ke hannun malamin, ko kundin digirinsa ke kan teburinsa, ya sa kansa cikin tsaka mai wuya, ko da zuciyarsa fara ce. Yabon yakan fito babu gishiri, domin kowane malami kogi ne, kowane malami fitila ne, har ba a iya bambanta mai koyar da nahawu da mai koyar da waƙa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waɗanda yabo ne sana'arsu, ba su yi haka ba. Sukan kafa yabo a kan wani abu da aka san ubangidan da shi, asalinsa ko wani aiki da ya yi, su kuma haɗa da habaici da zambo ga abokan hamayya, shi ya sa waƙar wani sarki ba ta shiga wuyan wani. Wanda zai yabi malaminsa, sai ya kawo abu guda da malamin ya yi ko ya faɗa a aji wanda ya sauya masa tunani. Wannan ɗaya ya fi laƙabi goma.

3.2 Salo

Ta fuskar salon sarrafa harshe, kamance guda uku ko huɗu ne ke yawo daga waƙa zuwa waƙa, wato hanta da jini, kifi da ruwa, zara da wata. Waɗannan kamance ne masu asali, amma yawan ɗauka ya sa sun lashe kamar tsohon kwabo. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da aka ɗebo daga rayuwar makaranta. Ɗalibin da ya shekara huɗu yana raba risho ɗaya da tukunya ɗaya da abokin ɗakinsa yana da abin kamanta zumunci a gabansa, bai bukatar zuwa sama neman zara.

Haka nan amsa-amo yakan zame wa da yawa sarƙa. Mawaƙi zai zaɓi harafin ƙafiya, kalmominsa su ƙare tun a baiti na biyar, sai ya shiga jawo kalmomin Larabci da shi kansa ba ya amfani da su, ko ya murɗe ginin jimla har ma'ana ta karye. Wanda ya karanta Fasaha Aƙiliya zai ga cewa Aƙilu Aliyu yakan riƙe ƙafiya ɗaya a doguwar waƙa ba tare da ma'ana ta yi rauni ba, saboda rumbun kalmominsa cike yake. Mai koyo gara ya yi ƙwar biyu baiti goma masu rai da ya yi ƙwar biyar baiti arba'in da ciko.

Sai dai dole a yaba wa ɗalibanmu a kan abu guda. Da yawansu suna da kunnen kari, waƙoƙinsu suna reruwa ba tare da tuntuɓe ba, kuma wannan baiwa ce da ba a koyar da ita a allo. Kayan aikin suna nan, abin da za a ƙera da su ne ya yi ƙaranci.

4.0 Gajerun Labarai

Zubin labaran ma kusan ɗaya ne. Saurayi da budurwa sun haɗu a ɗakin karatu, littafinta ya faɗi ya ɗauko mata. Shi ne kan gaba a aji, ita ce ta fi kowa kyau, ɗayansu ɗan attajiri ne. Ranar da aka gama jarrabawa sai labari ya zo cewa an ba da ita ga wani, ko kuma mota ta kife da ɗayansu a hanyar komawa gida. Wannan zubi an aro shi ne daga littattafan soyayya na shekarun 1990 da finafinan da suka biyo bayansu, kuma raunin da ke cikinsa iri uku ne.

Na farko, wurin da labarin ke faruwa ba shi da kama. Jami'ar da ake ambata tana iya zama a Kano ko Sakkwato ko ma Indiya, domin babu zafin rana, babu ƙurar hanya, babu sunan unguwa. Na biyu, taurarin ba sa karatu kuma ba sa jin yunwa, ba a taɓa ganinsu suna lissafin kuɗi ba. Na uku, kuma mafi muni, ƙarshen labarin ba ya fitowa daga halin taurarin. Haɗarin mota hanya ce da marubuci kan bi idan ya rasa yadda zai kwance ƙullin da ya ɗaura. Gaskiya ne ana yin haɗari a hanyar Akwanga, amma a cikin labari mutuwar da ba ta da alaƙa da zaɓin da tauraro ya yi ba ta koya wa mai karatu kome game da ɗan'adam. A kwatanta da Kitsen Rogo na Ɗangambo, inda duk abin da ya sami tauraron ya biyo bayan shawarar da ya yanke ta barin ƙauye zuwa birni. Wannan shi ne bambancin labari da tsautsayi.

5.0 Abin da Aka Bari a Ƙasa

To, mene ne ɗalibin Lafiya ke gani a ƙarshen shekara wanda bai shiga rubutunsa ba?

Abu na farko shi ne lokaci. A makarantar allo, sauka tana da ranarta, a zayyana allo, a yi walima, kowa ya san an kai gaci. Ɗalibin jami'ar gwamnati a Nijeriya kuwa ya san ranar shigarsa, bai san ranar fitarsa ba. A 2020 yajin aikin Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, wato ASUU, ya ɗauki wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ya kuma haɗu da kullen annobar korona. A 2022 aka sake yin wani na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Sakamakon haka kalandar karatu ta rabu da kalandar damina da rani, aka riƙa matse zango don a cike giɓi. Ga kuma dokar hidimar ƙasa, shirin da aka kafa a 1973, wadda ta keɓe wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri. A ɗauka ga ɗalibi mai shekara 29 yana ajin ƙarshe, yana ƙirga watanni, sai aka fara raɗe-raɗin yajin aiki. Wannan kaɗai ya isa labari, domin akwai buri, akwai abin da ke tare shi, akwai kuma agogo da ke tafiya.

Na biyu shi ne kuɗi. Jami'ar Tarayya ta Lafiya tana cikin jami'o'i tara da aka kafa a 2011, kuma kamar sauran sababbin jami'o'i, ɗalibai da yawa a gidajen haya suke zaune, a wurare irin su Gandu da Akunza. Ƙarshen shekara shi ne lokacin da kuɗin haya ke ƙarewa, guzurin da aka zo da shi daga gida ya kai gindin buhu, mai shago ya buɗe littafin bashi, ga kuɗin buga kundi da ɗinke shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin motar komawa gida ya zama abin da ake kwana ana tunani. Lafiya gari ne na doya da riɗi da rogo, manyan motoci na lodi suna fita da su kudu da arewa, amma ɗalibi na iya yin makon jarrabawa a kan garin kwaki da ƙuli. Marubucin da ya ga wannan bai rasa abin faɗa ba. Wanda kuma yake zaton yunwar ɗalibi ƙaramin batu ne, sai ya tuna da turmutsutsun da aka yi a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi a watan Maris na 2024 wajen rabon shinkafar tallafi, inda aka rasa rayukan ɗalibai. Abin da ya ci Doma, in ji masu iya magana, ba ya barin Awe.

Na uku shi ne zauren jarrabawa kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan ne ake gwada amana tsakanin aboki da aboki, lokacin da wanda ya ciyar da kai wata uku ya raɗa maka cewa ka matsar da takardarka ya gani. A nan ne wanda ya fafe gora ranar tafiya yake haɗuwa da sakamakonsa. A bayan zauren kuma akwai ɗalibar da kwas ɗaya ya maƙale mata, tana tunanin ofishin da za ta shiga da abin da za a iya nema daga gare ta, akwai kuma wanda abokansa ke rattaba hannu a fararen riguna suna murna, shi kuwa ya san zai dawo baɗi, bai kuma gaya wa mahaifinsa ba. Duk wani jigo babba na adabi, amana da cin amana, kunya da tsoro, iko da zalunci, yana nan cikin mako biyun nan.

Na huɗu shi ne tsaro. A ƙarshen 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai daga gidajensu na haya a Gandu. Ɗalibin da ya yi karatun dare yana kasa kunne ga kowane motsi a waje ya san wani abu game da tsoro wanda babu littafin da ya koya masa.

Na biyar shi ne harshe. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Filato a 1996, Hausa ce ke haɗa Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Barebarin da suka kafa garin. Hausar da ake yi a tashar mota da kasuwar Lafiya da ɗakunan ɗalibai tana da nata ɗanɗano, ta sha bamban da ta Kano. Amma a labaran ɗalibanmu kowane tauraro da daidaitacciyar Hausa yake magana, kuma kusan babu tauraron da ba Bahaushe ba, alhali abokin ɗakin marubucin wataƙila Kirista ne daga Akwanga, sun yi azumi da Kirsimeti tare. Daidaitacciyar Hausa ita ce ta bakin mai ba da labari, wannan babu ja. Maganar taurari kuwa, a bar kowa ya yi da bakinsa. Rabuwar irin waɗannan abokai biyu a tasha, ɗaya zai nufi Makurɗi ɗaya zai nufi Katsina, kuma kowa ya san da wuya a sake haɗuwa, ban-kwana ce da adabin Hausa bai rubuta ba tukuna.

6.0 Uzurin da Ake Kawowa

Ana iya kawo uzuri biyu. Na farko, a ce adabi don nishaɗi ake yin sa, wanda ya sha wuya shekara guda yana da haƙƙin ya yi mafarki a takarda. Wannan gaskiya ne, kuma ba a cewa kowane rubutu ya zama kuka. Rayuwar ɗalibai cike take da abin dariya, kuma Abubakar Imam ya nuna a Ruwan Bagaja cewa raha da lura da halin mutane suna tafiya tare. Abin da ake nema shi ne dariyar ta zama tamu, daga abin da ya faru a ɗakinmu.

Uzuri na biyu ya fi nauyi, wato tsoro. Ɗalibin da sakamakonsa bai fito ba yana da dalilin yin hattara da abin da zai rubuta game da malami ko hukuma. Amsar wannan tana cikin al'adarmu. Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake faɗa wa mai ƙarfi gaskiya ba tare da an kama suna ba. Yana da habaici, yana da tatsuniyar Gizo da ke wasa da hankalin manyan dawa, yana da wasannin tashe inda yara kan kwaikwayi malami da attajiri a ƙofar gidansu, a yi dariya a ba su sadaka. Ƙagaggen labari ma rigar kariya ce irin wannan. Nauyin da ya rage yana kanmu malamai da editocin mujalla, mu tabbatar cewa wanda ya rubuta gaskiya cikin ladabi da fasaha ba zai gamu da ita a takardar sakamakonsa ba. Idan ba mu yi haka ba, ba mu da bakin zargin ɗalibi da yawan yabo.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa waƙoƙin ban-kwana da gajerun labaran da ɗalibai ke rubutawa a ƙarshen shekara suna da ƙarfi ta fuskar kari da tsabtar harshe, amma suna da rauni ta fuskar jigo, saboda an gina su a kan aro. An kuma nuna cewa giɓin ya girmi ɗaliban, domin rubutaccen adabin Hausa bai ba rayuwar jami'a haƙƙinta ba tun asali.

Shawarar da za a bayar mai sauƙi ce. Duk mai niyyar rubutu a fitowa ta gaba ya tanadi ɗan littafi a makonnin ƙarshe na shekara, ya riƙa rubuta abin da ya ji an faɗa a layin ɗibar ruwa, da farashin da ɗan acaɓa ya yanka masa, da yadda fuskar abokinsa ta koma a gaban allon sakamako. Ya zaɓi mutum ɗaya da matsala ɗaya da rana ɗaya, ya bi su har ƙarshe, ya bar tauraron ya yanke shawara ya kuma ɗauki nauyinta. Malami na iya nazarin rayuwar ɗalibi, ɗan jarida na iya ba da rahotonta, amma shekarun da mutum ke zama ɗalibi kaɗan ne, kuma da an fita ake fara mantuwa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.